Alama Ba Ta Rantsuwa: Mas'alar Karatun Ilmin Binciken Laifuka

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo har ƙofar gidajenmu, waɗanda iyaye ke kwana da su a zuci ba su sami wanda za su tambaya ba, akwai mas'alar yaron da ya gama sakandare, ya ci jarrabawarsa ta fannin kimiyya da kyau, ana sa ran zai ce likita ko injiniya, sai ya buɗe baki ya ce shi ilmin binciken alamomin laifi yake so ya karanta a jami'a, watau fannin nan da ake koya wa mutum yadda zai ɗauki ɗigon jini, ko silin gashi, ko zanen yatsan da aka bari a jikin ƙyaure, ya kai ɗakin gwaje-gwaje, ya fito da bayanin da alƙali zai jingina da shi wajen yanke hukunci. Uba yakan yi shiru, domin abu biyu sun tsaya masa a rai: yana jin cewa sana'a ce ta taɓa gawa da keta alfarmar mamaci, kuma yana ganin kamar shisshigi ne ga shari'a, wadda ta riga ta shimfiɗa hanyoyinta na tabbatar da laifi, shaidu da iƙirari da rantsuwa, ba ta ce a nemo madubin likita ba. Ni kuwa a ganina, ko da yake damuwar nan biyu daga tsoron Allah suka fito, ba su ne ya kamata su hana uba barci ba. Akwai ta uku wadda ta fi su nauyi, ba safai ake ambatonta ba, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya zauna gaban malami a majalisin tafsiri, ko da da azumi ne kawai, ya ji ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma ji yadda rigarsa ta zama hujja har sau biyu kafin ya hau mulki. 'Yan'uwansa sun kawo ta da jinin ƙarya suna cewa kyarkeci ya cinye shi, malaman tafsiri kuwa suka ce mahaifinsu Annabi Yakubu ya juya rigar ya duba, ya ga jini amma bai ga yaga ba, ya gane cewa babu naman dajin da zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya lau. Bayan shekaru, a gidan Azizun Masar, da aka rasa mai raba gardama tsakanin matar gida da bawan gida, babu shaidu, kowa na jefa wa ɗan'uwansa laifi, sai wani daga cikin dangin matar ya ce a dubi inda rigar ta tsage, in ta gaba ne maganarta ce gaskiya, in ta baya ne tasa. Aka duba, aka ga ta baya ne, magana ta ƙare. Alƙurɗubi, wanda Bamalike ne kamar malamanmu, ya faɗa a tafsirinsa cewa fakihai sun kafa hujja da waɗannan ayoyi a kan halascin aiki da alamomi a cikin hukunci. To, wanda ya dubi tsagewar riga ya gane wanda ke gudu da wanda ke bi, me ya yi in ba binciken alamar laifi ba?

Sunna ma ba ta bar wannan ƙofa a rufe ba. Ranar Badar samari biyu daga mutanen Madina kowannensu ya ce shi ya kashe Abu Jahali, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambaye su ko sun goge takubbansu, suka ce ba su goge ba, ya karɓa ya duba jinin da ke jiki kafin ya yi hukunci a kan kayan mamacin. Haka kuma da Mujazzizul Mudliji, gwanin gane dangantaka ta kamannin jiki, ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama suna kwance sun lulluɓe kawunansu, ɗaya fari ɗaya baƙi, ya ce ƙafafun nan jini ɗaya ne, Annabi ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa na walƙiya don farin ciki. Irin waɗannan ne malamai suka tattara suka kira su ƙarina. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 1350, ya tafi a kan cewa bayyina ita ce duk abin da ya bayyana gaskiya ya fito da ita fili, ba shaidu biyu kaɗai ba. Ibnu Farhun, alƙalin Madina, wanda ya rasu a 1397, ya ware babi a littafinsa Tabsiratul Hukkami don hukunci da alamomi, kuma littafin nan sananne ne ga alƙalan ƙasar Hausa. Mazhabarmu ma dai ta fi wasu sakin hannu a nan, domin ta ɗauki lausu, watau alamar da ke ƙarfafa zato a shari'ar kisa, ta gina ƙasama ta rantsuwa hamsin a kanta.

Mu kanmu ba baƙin wannan ilmi ba ne. A karkara, in an kore wa mutum shanu da dare, mai bin sawu ake nema, shi kuwa sai ya durƙusa a bakin garke ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya miƙe ya ce saniya ɗaya tana ɗingishi da ƙafar baya, masu korar mutum biyu ne, ɗaya da takalmin taya ɗaya ƙafa tsirara, kuma tun tsakar dare suka wuce domin raɓa ta kwanta a cikin sawun. Zai bi har inda sawu ya shiga wani gari ya ɓace cikin sawun dabbobin garin, a nan kuwa gwani na ƙwarai yakan tsaya ya ce iyakar abin da ƙasa ta nuna masa ke nan, ba ya nuna wani gida da yatsa ya ce ga ɓarawo. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan tsayawa ta mai bin sawu, domin a kanta maganata duka za ta zauna.

Game da gawa kuwa, babu Musulmin da zai yi jayayya cewa mamaci yana da hurumi, hadisi ya daidaita karya ƙashinsa da karya ƙashin rayayye, sunna kuma ta yi umarni da gaggauta jana'iza; saboda haka ƙyamar da mutanenmu ke yi wa feɗe gawa ba jahilci ba ne, kuma bai kamata ɗan boko ya raina ta ba. Amma fikihu bai taɓa ɗaukar wannan hurumi a matsayin abin da ba ya karɓar larura ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun halatta tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa don a fitar da ita, sun kuma yi saɓani a kan tsaga cikin matar da ta mutu da ɗa mai rai a cikinta. In an halatta haka saboda dukiya, yaya za a hana saboda jini, alhali ana so a san ko wannan bawan Allah ciwon zuciya ya kashe shi ko guba aka ba shi, kuma a kan amsar ne wuyan wani mai rai yake rataye? Majalisar Fikihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a shekara ta 1987 ta halatta binciken gawa don gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, da gano cututtukan da ake tsoron yaɗuwarsu, da koyar da likitanci, bisa sharaɗin a tsaya gwargwadon larura, kuma a binne dukkan sassan jiki bayan an gama. Ban da haka ma, yawancin masu wannan fanni ba sa taɓa gawa ko sau ɗaya. Aikin feɗe gawa na likita ne, su kuwa nasu yana kan tufafi da wuƙa da kwalba da takarda da waya.

Imamu Gazali, a farkon Ihya'u Ulumiddini, ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma duka ta bar su kowa ya yi laifi, ya kuma koka da cewa garuruwa da yawa a zamaninsa ba su da likita Musulmi, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani da ba a rasa masu amsa su ba. In aka auna halinmu da wannan ma'auni, ban ga yadda ilmin binciken laifuka zai fita daga farillan kifaya ba. A dubi abin da ke faruwa in an wayi gari an tsinci mutum a mace a ɗakinsa: kafin hukuma ta iso unguwa duk ta shiga ta fita, wannan ya juya gawar, wancan ya ɗauki wuƙar ya duba ya miƙa wa na kusa da shi, wata dattijuwa don tausayi ta kawo ruwa da tsintsiya ta wanke jinin kada 'ya'yan mamacin su gani, kafin azahar an yi wanka an sa likkafani an kai makwanci. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi, amma kowa ya share layi ɗaya daga cikin abin da ɗakin zai faɗa. Bayan kwana uku kuma sai zato ya fara yawo, a ce kishiya ce, a ce yaron shago ne, wani ya tafi wurin boka ko mai bugun ƙasa ya dawo da suna, a kama mai sunan a yi ta jibga har ya amsa abin da bai aikata ba, alhali iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne a shari'a. Wannan zalunci da muke gani har ya zame mana jiki, rabinsa daga rashin masu karanta alama ya taso.

Sauran al'ummu sun daɗe da gane haka. A ƙasar Sin wani alƙali mai suna Song Ci ya wallafa littafi a shekara ta 1247 don koya wa ma'aikata binciken gawa, a ciki ya ba da labarin wani da aka kashe da lauje a ƙauye, mai bincike ya sa kowa ya kawo laujensa aka jera a rana, dukkansu a goge fes, sai ƙudaje suka bar sauran suka taru a kan guda ɗaya, mai shi ya amsa laifinsa. A Kalkata ta ƙasar Indiya aka buɗe ofishin adana zanen yatsa a 1897, kuma cikin waɗanda suka tsara lissafin rarraba zanen akwai wani ɗan sanda Musulmi, Azizul Haque, ko da yake sunan ubangidansa Bature, Edward Henry, aka liƙa wa tsarin. A birnin Liyon na Faransa Edmond Locard ya kafa ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a 1910, a kan ƙa'idar cewa abu biyu ba sa haɗuwa su rabu ba tare da kowanne ya bar wani abu a jikin ɗan'uwansa ba.

Amma labarin da na fi so ɗalibi ya sani shi ne na Lesta a Ingila. A shekara ta 1984 Alec Jeffreys, malami a jami'ar garin, ya gano cewa a cikin ƙwayar halittar ɗan Adam, wadda ake kira DNA, akwai wuraren da ke bambanta mutum da mutum kamar yadda zanen yatsa ke yi. A yankin nan an kashe 'yan mata biyu bayan an yi musu fyaɗe, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, 'yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya amsa kisan ta biyu da bakinsa, suka kawo wa Jeffreys samfur don ya tabbatar musu cewa shi ne ya kashe ta farkon ma. Gwaji ya nuna cewa lallai mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, amma ba wannan yaro ba ne. Aka sake shi, aka ɗebi jinin maza wajen 5,000 na ƙauyukan, daga bisani aka kama mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi wanda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, aka yanke masa hukunci a 1988. Ashe aikin farko da wannan gwaji ya yi a shari'ar kisa shi ne kuɓutar da wanda ya riga ya yi iƙirari. Duk wanda ya san ƙa'idar malamanmu cewa kuskuren shugaba wajen afuwa ya fi alheri bisa kuskurensa wajen uƙuba, zai ga cewa a nan ne wannan ilmi ya fi kusa da ruhin shari'a.

Yanzu ga damuwa ta uku. Alama ba ta tsayuwa gaban alƙali, ba ta ɗaukar Alƙur'ani ta rantse, ba a yi mata tazkiyya. Mutum ne yake dubanta ya zo ya ce ga abin da ta ce, saboda haka duk abin da ke samun shaida na mantuwa da son zuciya da tsoro da ruɗu yana iya samunsa, sai dai shi yana zuwa sanye da rigar ilmi, wadda ke sa alƙali da jama'a su ji nauyin tuhumarsa. Mai shaidar zur na kasuwa ana iya kama shi da tambaya biyu, amma gwanin da ya ce madubi ya nuna masa, wa zai ƙaryata shi? A watan Maris na 2004 aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid ta ƙasar Sifen, mutum kusan 200 suka hallaka, aka sami zanen yatsa a jikin wata leda mai ɗauke da kayan tayar da bam. Gwanaye uku na hukumar FBI ta Amurka suka haɗu a kan cewa yatsan wani lauya ne Musulmi a jihar Oregon, mai suna Brandon Mayfield, wani gwani na huɗu da kotu ta naɗa shi ma ya yarda, aka tsare mutumin mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka gano cewa yatsan wani mutumin Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta nemi gafara, ta biya shi diyyar dala miliyan 2 a 2006. Gwanayen nan ba jahilai ba ne, kuma ba a ce an saye su ba. Na farko ya yi zato, na bayansa suka duba da idon da ya riga ya san amsar da ake jira.

Bayan wannan wani masanin halayyar ɗan Adam, Itiel Dror, da abokan aikinsa suka yi wani gwaji mai ban tsoro: suka ɗauki gwanayen zanen yatsa biyar, suka mayar wa kowannensu zanen da shi da kansa ya taɓa shaida cewa sun dace a wata shari'a ta baya, ba tare da ya sani ba, suka ce masa wai zanen nan ne da aka yi kuskure a kansa a shari'ar Madrid, sai huɗu daga cikin biyar suka janye hukuncinsu na farko. A 2009 Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa ban da gwajin ƙwayar halitta, babu wata hanya cikin hanyoyin nan da aka tabbatar da ƙwaƙƙwaran bincike cewa tana iya danganta alama ga mutum guda ayyananne a kowane lokaci. A 2015 kuma FBI ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un da aka sake dubawa, masu gwada gashi da madubi sun faɗi abin da ya wuce iyakar ilminsu a gaban kotu, cikin waɗanda aka yi wa shaidar kuwa har da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Malaman usulu sun daɗe da rarrabe mana yaƙini da zato mai rinjaye da shakka da wahami, kuma musibar duk ta taso ne daga sayar da zato da farashin yaƙini.

Saboda haka nake ganin hikima a cikin matsayar da Majalisar Fikihun nan ta Makka ta ɗauka a 2002 game da gwajin ƙwayar halitta, inda ta yarda a yi aiki da shi wajen binciken laifuka da gane gawarwaki da warware rikicin jariran da suka cakuɗe, amma ta hana a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa, ta kuma hana a gabatar da shi a kan li'ani wajen kore nasaba. Wasu 'yan boko suna ganin wannan ci baya ne, ni kuwa ban gan shi haka ba. Gwajin nan, ko da an yi shi bisa ƙa'ida ba a gurɓata samfur ba, iyakarsa ya ce wannan jini ko wannan gumi na wane ne. Ba ya faɗin yaushe ya zo wurin, ba ya faɗin da yarda ne ko da tilas, ba ya faɗin ko mai shi ya riƙe wuƙar ne don ya soka ko don ya zare. Tsakanin alama da laifi akwai tazara, a cikin tazarar nan shubuha take zaune, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha. Amma wajen wanke wanda ake tuhuma, da ƙarfafa lausu, da hukuncin ta'aziri, ƙofa a buɗe take, kuma a nan ne al'ummarmu ta fi bukata.

To, in haka al'amarin yake, me ɗalibi zai karanta? Shawarata ga wanda zuciyarsa ta karkata nan ita ce ya fara tambayar kansa ko kimiyya yake so ko labarin kama ɓarawo, domin finafinan Amurka da suka yawaita tun daga shekara ta 2000 sun nuna wa yara wani gwani guda wanda shi ke ɗaukar samfur, shi ke gwadawa, shi ke bin mai laifi da bindiga, a gama kome cikin sa'a ɗaya, alhali aikin gaske zama ne na yini guda a kan kujera, ana awo ana maimaitawa ana cika takardu, kuma sau da yawa sakamakon shi ne samfur bai isa a ce kome ba. Wannan fanni reshe ne, asalinsa kuwa ilmin sinadarai ne da ilmin halittu da lissafi, kuma malamanmu ba su taɓa yarda a ba mutum fatawa a furu'a bai san usulu ba. Wanda yake son gano guba da miyagun ƙwayoyi ilmin sinadarai zai ƙware a kai. Mai son gwajin ƙwayar halitta sai ilmin sinadaran jiki da na gado. Mai son binciken gawa ba shi da hanya sai ya yi shekara shida ta likitanci sa'an nan ya ƙware a sanin cututtuka. Mai son bin sawun zamba a waya da intanet sai ilmin kwamfuta. Digirin da ya gutsuro kaɗan daga kowanne ya haɗa da ɗan ilmin shari'a yana da daɗin suna, amma in bai nutsar da ɗalibi cikin asali ɗaya ba, zai fito kamar telan da ya iya taka keke bai iya yanka ba. Ba ina hana shiga digirin binciken laifuka kai tsaye ba ne; ina cewa ne a duba manhajarsa a ga nawa ne a ciki kimiyya tsantsa, kuma kada a raina darasin ƙididdiga, wanda ɗalibai suka fi gudu, alhali shi ne kaɗai ke koya wa mutum ya faɗi gwargwadon ƙarfin hujjarsa da adadi.

Ya kamata kuma uba da ɗa su taka da ƙafarsu su je su ga sashen kafin a cika takarda, su tambaya ko akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, ko ɗalibi yana taɓa na'ura da hannunsa ko kuwa a allo ake zana masa ita, ko akwai malamin da ya taɓa tsayawa a kotu ya ba da shaida lauyoyi suka yi masa tambayoyin ƙure. Batun abinci ma a faɗa wa yaro gaskiya: guraben aikin kaɗan ne, yawancinsu a hannun hukuma suke. Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin ƙwayar halitta a 2017, makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil tana koyar da fannin, amma wuraren da za su ɗauki dukkan masu fitowa ba su samu ba tukuna. Ingila ma da ta riga kowa a gwajin ƙwayar halitta, ta rufe hukumarta ta binciken alamomin laifi ta gwamnati a 2012. Wanda ya riƙe asali, in bai sami wannan ƙofa ba zai shiga asibiti ko masana'antar magani ko hukumar duba abinci ko aji, kuma duk waɗannan farillan kifaya ne, ba faɗuwa ya yi ba.

Abin da jami'a ba za ta iya bayarwa ba, shi ne wanda gida da makarantar allo da zaure ya kamata su riga su dasa. Shari'a ta shardanta adalci ga shaida, ta ce a bincika halinsa a ɓoye da bayyane kafin a karɓi maganarsa a kan akuya guda, to ina ga wanda sa hannunsa a takarda ɗaya zai iya kai mutum ga igiya? Za a zo masa da ambulan, za a kira shi a waya daga sama a ce sakamakon nan a gyara shi, mai bincike zai tsaya a kansa ya ce ai mun riga mun san shi ne, kai dai tabbatar mana. Wani lokaci ma ba wanda zai matsa masa sai zuciyarsa, in ya ga gawar yarinya ƙarama ya ji ba zai iya barin a tashi ba a kama kowa ba. A irin wannan wuri amana tana cikin ƙananan abubuwa ne: ya sa safar hannu, ya rufe samfur a ambulan ya liƙe ya sa hannu da kwanan wata, ya rubuta sunan duk wanda ya karɓa daga hannun wani, ya ƙi sauraron labarin wanda ake zargi kafin ya gama awonsa, in ya yi kuskure a ɗakin gwaji ya rubuta shi a rahoto ko da zai jawo masa faɗa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48 ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, wannan kuwa shi ne limamin Madina. Ɗalibin da zai ji kunyar cewa alƙali samfurin nan bai nuna kome ba, alhali kotu ta cika ana jiran ya ambaci suna, gara ya nemi wani fanni tun da wuri, ko da kuwa shi ne na ɗaya a ajinsu.

Akwai kuma wani gefe na farillar da muka yi sakaci da shi ƙwarai. Majalisar Makka, a cikin sharuɗɗanta na 1987, ta ce gawar mace likitoci mata ne za su bincika ta, sai in ba a same su ba. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ma, wadda alamar da za ta tabbatar da haƙƙinta take gushewa cikin 'yan kwanaki kaɗan, wani lokaci da wanka ɗaya, iyayenta sukan gwammace su haɗiye baƙin cikinsu su rufe maganar da su kai ta gaban namiji ya duba ta, azzalumi kuwa ya ci gaba da yawo a unguwa yana neman wata. Ba za mu iya riƙe sharaɗin cewa mace ce za ta duba mace ba, sa'an nan mu hana 'ya'yanmu mata karatun da zai sa a sami mai dubawar. Saboda haka uban da 'yarsa ta zo masa da wannan buƙata, in ya ga tana da kai da natsuwa da riƙon amana, ya bincika mata makaranta ta ƙwarai da masauki na mutunci, ya biya kuɗin rajista, ya sa mata albarka.